Hanyar da na bi daga Jos har na samu lasisin aikin O.T.

Tun da na dawo Jos, da wuya in je biki ko suna wata uwa ba ta ja ni gefe ta tambaye ni wane irin karatu na yi ba. Yawanci 'yarta ce ta nemi likitanci ko aikin jinya ba ta samu ba, suna so su ji ko kwas ɗin da na yi zai karɓe ta. Amsar tsaye ba ta gamsarwa, shi ya sa na zauna na rubuta komai bi da bi. Kwas ɗin shi ne okufeshanal terafi, a asibiti O.T. kawai ake cewa. Aikinmu shi ne mu taimaki wanda ciwo ko haɗari ko lalurar haihuwa ko taɓin hankali ya raba shi da harkokinsa na yau da kullum, ya koma yana ci da kansa, yana sa tufafi, yana kama ruwa, yana sana'arsa. Masu fisiyo, waɗanda mutanenmu ke kira masu gashi, sun fi mayar da hankali ga ƙarfin gaɓa da tafiya. Mu kuma muna duba me mutum zai yi da gaɓar idan ya koma gida.

Na fara jin labarin aikin ne ina aji biyar na sakandare, lokacin da goggona ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ta samu sauƙi har tana takawa da sanda, amma ɗaura zani ya gagare ta, kullum sai ta jira a zo a ɗaura mata, kuma wannan ya fi ciwon ƙona mata rai. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta ce mana akwai masu koyar da irin wannan, sai dai ba su da yawa a Arewa. Maganar ta zauna min. Da na fara bincike na gano cewa a lokacin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ce aka sani da digirin, a sashe ɗaya da fisiyo, shekara biyar. Akwai kuma makarantar gwamnatin tarayya a Oshodi ta Legas, ƙarƙashin asibitin masu taɓin hankali na Yaba, wadda ke bayar da difloma. A nan mutane da yawa ke ruɗewa: mai difloma mataimakin ma'aikacin O.T. ake rajistarsa, mai digiri shi ne cikakken ma'aikaci. Daga baya Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Ondo ita ma ta fara digirin. Duk jami'ar da za ki nema, fara tabbatar da cewa hukumar NUC mai kula da jami'o'i da hukumar MRTB sun amince da kwas ɗin a wurin. MRTB ita ce aka kafa da doka ta 38 ta shekarar 1988 don kula da masu fisiyo da O.T. da masu gyaran magana da ji da masu haɗa gaɓoɓin roba, kuma a cikinsu duk wanda ba ta ba lasisi ba bai isa ya taɓa majinyaci ba.

Kafin JAMB sai da na fara cin jarabawar gida. Baba bai ƙi karatun ba, nisan ne ya tsaya masa. Ya ce, “Ga jami'a a nan Jos, ga Bayero a Kano, me zai kai 'ya mace ƙasar Yarabawa?” Ban yi musu da shi ba, Baffana na samu, wanda ya yi shekaru yana fataucin kayan gwari zuwa Kudu. Shi ya zo ya zauna da Baba bayan sallar isha, ya ce, “Yaya, akwai Sabo a Ife, Hausawa ne fal, ina da amini a can mai iyali. Ka bar ta ta je, ni ne jingina.” Abin da ya ƙarasa shawo kan Baba shi ne da Goggo da kanta ta sa baki. Ina faɗin wannan ne don 'yan mata su sani cewa a fara neman yardar gida tun kafin a sayi fom, kuma a nemo babba mai faɗa a ji ya yi magana.

Na rubuta JAMB a 2017. Darussan su ne Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, sannan a sakamakon WAEC ko NECO ana son kiredit biyar: waɗannan huɗun da Lissafi. A shekararmu fom naira 5,000 ne, ban da kuɗin littafi da na cibiyar da ake rajista. Tun daga 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN, don haka a duba tun da wuri cewa suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a NIN da WAEC da takardar haihuwa. Na ga wadda harafi ɗaya a sunan mahaifinta ya sa ta yi ta zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa ana tsakiyar tantancewa. A 2017 ɗin ne gwamnati ta dawo da jarabawar share fage ta jami'o'i, ta kuma ƙayyade kuɗinta kada ya wuce naira 2,000, sai ya zama dole in je Ife da ƙafata. Ni da Baffa muka tashi da asuba, muka bi Akwanga da Keffi da Abuja, muka tsallake Lokoja, muka bi Okene da Akure da Ilesha, ba mu sauka ba sai dare ya yi nisa. Bayan jarabawar sai jira. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 na cancanta ne, kashi 35 na jihohin yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma kusan duk jihohin Arewa suna cikin wannan rukuni na ƙarshe. Mutanenmu da yawa ba su san da wannan kaso ba, sai su ƙi neman jami'o'in Kudu suna ganin ba za a kula su ba. A shekarar ne kuma JAMB ta fito da manhajar CAPS, inda dole ɗalibi ya shiga da kansa ya amince da gurbin da aka ba shi. Ranar da na ga nawa a wani shagon intanet kusa da Terminus a Jos, hannuna na rawa na danna.

Rajistar shiga ta ci ni kwanaki ina bin layi daga wannan ofis zuwa wancan. An nemi takardar gurbin karatu ta JAMB, sakamakon sakandare na asali, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, hotuna masu yawa, rasit na biyan kuɗi, da gwajin lafiya a asibitin makaranta. Maganar takardar ƙaramar hukuma, mu Hausawan Jos mun san tana da tsawo. Ni ta garin kakanninmu a Jihar Bauchi na karɓo, kuma shawarata a mallake ta tun ana aji shida, a kuma tsaya a kan guda ɗaya har ƙarshe, domin za a sake nemanta wajen horon asibiti da bautar ƙasa da neman aiki. Kowace takarda a yi mata kwafi da yawa, a kuma ɗauki hotonta a waya. Na samu gado a Mozambique, hostal ɗin 'yan mata sabbin shiga. Watannin farko sun yi min nauyi: ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, zafi mai ɗanko ga wadda ta saba da sanyin Jos, abinci duk manja da barkono. Ƙarshen mako nakan tafi Sabo gidan aminin Baffa in ci tuwo in ji Hausa, in dawo da ƙarfina. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ma ta riƙe ni sosai, a can na samu ƙawayen da suka koya min Yarabanci, wanda daga baya ya zama min jari a gaban majinyata.

Shekarar farko kimiyya ce zalla tare da sauran ɗaliban fannin lafiya, babu abin da ya shafi asibiti, amma wanda ya yi wasa da ita ba ya haurawa. A shekara ta biyu da ta uku aka shiga ilimin sassan jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki da ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ilimin halayyar ɗan Adam. A nan ne ake shiga ɗakin gawa. Ba zan ɓoye ba, ranar farko ƙaurin maganin da ake adana gawa da shi ya sa idona hawaye, na kasa cin abincin rana, na kuma kira malaminmu na Islamiyya a waya na tambaye shi matsayin abin. Ya kwantar min da hankali, ya ce in shiga da niyyar neman ilimin da zai amfani bayin Allah, in kuma girmama mamacin. Da haka na saba. Hannu shi ne abin da muka fi daɗewa a kai: ƙasusuwa 27 a hannu ɗaya, da manyan jijiyoyi uku da ke motsa shi, kuma sai kin san wace yatsa ce za ta mutu idan aka yanke kowace. Kuɗin da ke fita a wannan mataki ba na makaranta kaɗai ba ne. Akwai farar riga, littattafai, ma'aunin lanƙwasar gaɓa, kuɗin rajistar suna a hukumar MRTB tun ana ɗalibi, da kuɗin motar zuwa asibiti kullum idan aka fara fostin, wato koyon aiki a gaban majinyata.

Shekara biyar ɗin da aka rubuta a takarda ba haka ta kasance mana ba. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, ga yajin aikin ASUU da bai ƙare ba sai Disamba. A 2022 aka sake wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Duk lokutan biyu a Jos na yi su, ina kallon ƙawayena suna aure suna haihuwa, 'yan uwa na tambayar yaushe wannan karatu zai ƙare. A zaman na biyu na nemi izini a wani asibiti a cikin gari ina zuwa sashen gashi ina kallon aiki, kuma abin da na gani a can ya taimake ni fiye da zaman gida ina ƙirga kwanaki. A 2023, bayan cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin makaranta. Mu mun kusa fita a lokacin, amma masu shiga yanzu su san akwai bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024.

Shekaru biyun ƙarshe su ne zuciyar karatun. Ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, WFOT, wadda aka kafa a 1952, ta shar'anta aƙalla awa 1,000 na aiki da majinyata kafin a yaye ɗalibi, don haka muka zagaya sashen ƙashi da na jijiyoyi da na yara da na masu taɓin hankali, har da fita cikin al'umma. A nan na koyi yin abin tallafe hannu. Wata roba ce mai tauri, a yanka ta daidai da zanen hannun majinyaci, a tsoma a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70 har ta yi laushi, a tsane ta da tawul, a ɗora a hannu a lanƙwasa kafin ta huce, a goge bakinta kada ya ci fata. Aikin da karan ɗori ke yi take yi, sai dai ita ana cirewa a mayar. Na farko da na yi wa wata yarinya da ta ƙone da ruwan zafi ne, don kada tabon ya janye yatsunta su dunƙule. Robar tana da tsada kuma daga waje ake kawo ta, shi ya sa malamanmu suka dage mu iya aiki da abin da ke kusa: bututun roba na masu famfo, soso, katako, kwali, tsohon silifa. Duk wanda zai yi aiki a Arewa wannan darasin ya fi buƙata, domin mafi yawan majinyatanmu ba za su iya sayen na kanti ba. Jarabawar ƙarshe a gaban majinyaci na gaske ake yin ta, da malamai daga waje, sannan ga furojet da za a kare.

Bayan sakamako ya fito sai bikin rantsarwa, inda hukumar MRTB ke karɓar rantsuwar sabbin ma'aikata ta ba su lasisin wucin gadi. Kafin ranar an cike fom, an biya kuɗi ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, an haɗa da takardar sakamako. A ajiye rasit ɗin nan kamar yadda ake ajiye takardar gida. Lasisin wucin gadi na horon shekara ɗaya ne a asibitin da hukumar ta amince da shi, ƙarƙashin ma'aikaci mai cikakken lasisi, kuma samun gurbin wannan horo shi ne inda na fi shan jira. Asibitocin da ke da sashen O.T. kaɗan ne, kuma ba kowace shekara suke ɗauka ba. Na kai takarda asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya da asibitocin masu taɓin hankali, wasu da hannu, wasu ta hannun abokan karatu. A wani wuri ma'aikacin da ya karɓi takardata bai taɓa jin sunan aikin ba, ya jefa ta cikin tarin na fisiyo, sai da na roƙe shi ya rubuta a bayan fayil ɗin. A wani wurin wani ya kira ni a waya ya ce in turo kuɗi zai sama min gurbi. Baba ya ce ko sisi kada in bayar, kuma daga baya na ji waɗanda suka bayar ba su ga gurbi ba, ba su ga kuɗinsu ba. Watanni na yi a gida kafin wani asibiti a Abuja ya kira ni jarabawa da intabiyu. Sun tambaye ni yadda zan auna mai shanyewar ɓarin jiki, na yi musu bayanin ma'aunin Barthel, wanda ke duba abubuwa goma, irin su ci da wanka da sa tufafi da shiga banɗaki da hawa bene, ya ba da maki daga 0 zuwa 100.

A Abuja wajen Yayata na zauna a Mararaba, kuma duk wanda ya san cunkoson Nyanya ya san sai an fita ana idar da sallar asuba. Albashin farko ya yi jinkiri, don haka a tanadi abin da zai riƙe mutum na 'yan watanni. A wannan shekarar ce na gane dalilin da ya sa Arewa ke buƙatar 'ya'yanta a wannan aiki. An kawo wani dattijo ɗan kasuwa wanda ɓarinsa na dama ya shanye. An rubuta a fayil cewa ba ya ba da haɗin kai, an ba shi cokali mai kaurin mariƙi ya ture. Da na gaishe shi da Hausa na durƙusa, ya dube ni ya ce, “'Yata, ke 'yar ina ce?” Muna cikin hira ya faɗa min abin da ke ransa. Shi bai taɓa cin tuwo da cokali ba, ba zai kuma ci da hagu ba, kuma abin da ya fi damunsa shi ne ɗansa ke masa tsarki da alwala. Na ce, “Baba, to mu fara da alwalar.” Muka samo bokiti mai famfo aka ɗora a kan kujera daidai gwiwarsa, ya zauna a wata kujerar mai jingina, ya buɗe da hagu, ruwa na zuba ba sai an riƙe buta ba. Na nuna masa yadda zai ɗago hannun da ya shanye da mai lafiyar ya wanke shi, da yadda zai ɗora ƙafa a kan ɗan benci. Wajen sa riga, hannun da ya shanye ake fara zurawa, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. Banɗakin gidansu na tsuguno ne, sai muka sa kafinta ya huda kujerar katako aka ɗora a kai, aka kafa ƙarfen dafawa a bango. Maganar ci da hagu kuwa ban yanke masa hukunci ba, na ce ɗansa ya kawo limamin unguwarsu, shi ya yi masa bayanin rangwamen da addini ya yi wa mai lalura. Ranar da ya yi alwala shi kaɗai daga farko har ƙarshe, ya daɗe yana sa min albarka, matarsa na gefe tana share hawaye da bakin mayafi. Littattafan da muka karanta suna maganar wuƙa da cokali mai yatsu da bahon wanka ne. Buta da tabarma da goyo da ɗaurin zani sai wanda ya tashi a cikinsu.

A ƙarshen shekara shugabar sashe ta sa hannu a littafin da ake rubuta duk aikin da na yi, asibiti ya ba ni takardar kammalawa, na haɗa da lasisin wucin gadi da rasit na nemi cikakken lasisi. Kada a bari littafin nan ya taru, a riƙa kai shi ana sa hannu a ƙarshen kowane sashe, tun wanda ya kula da ke bai tafi hutu ko an canza masa wurin aiki ba. Lasisin kuma duk shekara ake sabunta shi, tare da shaidar halartar tarukan ƙara wa juna sani. Daga nan sai bautar ƙasa, mako uku a sansani, alawus ɗin da ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 a 2025. Tun a sansani a nuna lasisi a nemi a tura mutum asibiti ko makarantar yara masu buƙata ta musamman, don kada shekara ta tafi hannu bai taɓa aikin ba.

Masu tambaya ko akwai aiki, gaskiya guraben gwamnati ba su da yawa, kuma sau da yawa sai kin yi wa masu ɗaukar aikin bayanin abin da kike yi. Amma buƙata tana nan jibge: masu shanyewar ɓarin jiki, yaran da suka sha wahalar haihuwa ba sa zama ba sa riƙe abu, waɗanda shan inna ya taɓa kafin a ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020, 'yan acaɓa da suka yi haɗari, matasan da ke fita daga shaye-shaye. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, kuma mu ne muka karanci yadda ake wannan gyara. Wasu abokan karatuna sun yi rajista da HCPC, hukumar da ke ba irinmu lasisi a Birtaniya, sun tafi Ingila, ban ga laifinsu ba. Ni dai na zaɓi Jos, ina aiki a wata cibiya mai zaman kanta, da yamma ina bin majinyata gida a Anguwan Rogo da Gangare da Rikkos.

Abu ɗaya nake roƙon iyaye: kada a tura yarinya wannan kwas don kawai likitanci bai samu ba, da niyyar ta canza daga baya. Canjin ba shi da sauƙi, kuma aikin na mai haƙuri ne, wanda zai iya yin mako uku yana koya wa yaro kai loma baki. Kafin a sayi fom, a kai ta sashen gashi na asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, a nemi izini ta zauna ta ga masu zuwa da irin lalurorinsu, ta kuma tambaya ko akwai ma'aikacin O.T. da za ta yi magana da shi. Idan ta fito tana tambayar yaushe za ta koma, sai a fara haɗa takardu.